Amsar tambayar sitiyarin lantarki

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan'uwa, barkanmu da yamma. Ƙanena, na saurari saƙon da ka turo, inda ka ce an nuna maka Corolla ta 2010 'yar Kwatano, amma wani ya ce ka guje ta domin sitiyarinta na lantarki ne, wai idan wuta ta ɗauke a kan hanya mota ba za ta ƙara juyawa ba. Ka kuma haɗa da bidiyon motar Tesla wadda aka ce babu ƙarfe ko ɗaya tsakanin sitiyarinta da tayoyi. Na ga amsoshin da aka ba ka, kowa yana ta lissafin kuɗin gyara, amma a fahimtata ba kuɗi ne ya dame ka ba. Abin da kake son sani shi ne ko akwai ranar da za ka juya sitiyari, kana ɗauke da iyali, tayoyi su ƙi bin hannunka. A wannan Corolla dai, ɗaukewar wuta ba za ta jawo haka ba, kuma wanda ya faɗa maka ya cakuɗa abubuwa biyu ne da ba ɗaya ba.

Akwai abin da ke kai juyin hannunka zuwa taya, akwai kuma abin da ke rage wa hannun nauyi. Na farko ƙarfe ne tun daga sama har ƙasa. Sitiyari yana kan sanda, sandar ta sauka ta ƙare da ɗan ƙaramin giya mai haƙora, shi kuma yana tura doguwar sandar haƙora da makanikai ke kira rak zuwa dama ko hagu, sannan tayarod biyu su ɗauki wannan turin su kai wa tayoyin gaba. Duk wanda ya tuƙa Peugeot 504 irin wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna ya san wannan tsari da damatsansa, domin waɗanda muka saba da su ba su da famfon mai da ke rage nauyin sitiyari, kuma mai son fitar da ita daga matsattsen wuri sai ya yi gumi. Wannan ƙarfen yana nan daram a cikin Corollar da aka nuna maka. Abin da ya canza shi ne mataimakin kawai.

Mataimaki mai aiki da mai ya daɗe. Wani injiniya Ba'amurke, Francis Davis, ya nuna shi tun 1926, amma sai a 1951 kamfanin Chrysler ya fara sayar da shi a motarsa Imperial. Inji ne ke juya famfo ta hanyar bel, famfon ya matsa mai, sannan a cikin sandar sitiyari akwai wani siririn ƙarfe da ke ɗan murɗewa idan ka sa ƙarfi, murɗewar nan ce ke buɗe wa mai hanya ya tura rak ta ɓangaren da kake so. To a lura da kyau, tunda inji ne ke juya famfon, duk lokacin da inji ya mutu, ko bel ya tsinke, ko tiyo ya fashe mai ya tsiyaye, taimakon ya tafi nan take. Ke nan abin da ake tsoratar da kai da shi game da na lantarki, yana tare da na mai tun ranar da aka ƙirƙiro shi, sai dai mun saba da shi ba ma kiransa haɗari.

Na lantarki ya fara fitowa kasuwa a 1988 a wata ƙaramar motar Suzuki mai suna Cervo a Japan. Siririn ƙarfen nan mai murɗewa yana nan, amma maimakon ya buɗe wa mai hanya, sai wata sensa ta auna yawan murɗewarsa ta sanar da kwamfuta, kwamfutar ta duba gudun mota, sannan ta umarci ƙaramin injin lantarki ya ƙara ƙarfi gwargwadon bukata. A Corolla wannan ƙaramin injin yana manne da sandar sitiyari ne a cikin mota, ƙarƙashin allon gaban direba, inda ruwan damina da ƙurar hanya ba sa kai masa sosai. Shi ya sa sitiyari ke laushi idan kana fakin, ya kuma ɗan yi nauyi idan ka hau babban titi, kuma wannan nauyin da gangan aka sa shi, don kada ɗan motsin hannu a gudun kilomita 100 ya wurga ka wani layin. Famfon mai kuwa yana cin ƙarfin inji ko kana shan kwana ko kana tafiya sak, alhali na lantarki ba ya jan wuta mai yawa sai lokacin da kake juyi, kuma babu yoyo, babu kukan famfo da safe.

Idan wannan mataimakin ya tsaya, misalinsa kamar mai tura kurar ruwa ne da wani ke taya shi turi ta baya. Mai tayawar ya saki, kaya sun yi nauyi, amma hannun kura yana hannun mai ita. Sitiyari zai yi tauri, musamman idan mota tana tafiya a hankali, fitilar gargaɗi za ta kunna, amma tayoyi za su bi ka idan ka sa ƙarfi da hannu biyu. Ba ina cewa abin wasa ba ne. A 2014 kamfanin General Motors ya janye ƙananan motoci kimanin miliyan 2.6, cikinsu har da Chevrolet Cobalt, saboda makunnin makulli yana zamewa da kansa ya kashe inji ana cikin tafiya, taimakon sitiyari ya tafi, jakar iska ma ta ƙi buɗewa, kuma asusun diyya da kamfanin ya kafa ya amince da mutuwar mutum 124. Sitiyarin bai tsinke ba a waɗannan motoci, taurin ne ya zo wa direbobi ba zato a lokacin da ba su da daƙiƙa biyu ta tunani. Wannan ya sa raina ke ɓaci idan na shiga motar haya na ga direba ya kashe inji a gangara wai yana tattalin mai. Da hannunsa ya kashe taimakon sitiyari, birki ma ya kusa yin tauri, kuma idan ya mayar da makulli baya fiye da ƙima sitiyari na iya kullewa gaba ɗaya.

Abin da ya fi yawan sa sitiyarin lantarki tauri a wurinmu ba wani abin mamaki ba ne, batir ne da ya gaji, ko altaneta da ba ta caji yadda ya kamata, ko kan batir da ya yi gishiri, ko wayar da ke kama jikin mota ta yi sako-sako. Ƙaramin injin nan yana jan wuta mai yawa lokacin da ake juya tayoyi mota tana tsaye, kuma da zarar kwamfuta ta ga wuta ta yi ƙasa sai ta rage taimako ko ta janye shi don ta kare kanta.

A nan ne nake da tsohon ƙorafi, kuma ku yi haƙuri sai na faɗe shi. Wani maƙwabcina ya kai motarsa gareji saboda fitilar sitiyari tana kunnawa jefi-jefi. Ba a sa na'ura an karanta abin da kwamfutar ke ƙorafi a kai ba, ba a auna batir ba, sai aka ce masa irin wannan sitiyarin ba na ƙasarmu ba ne, ya kawo kuɗi a mayar masa da na mai. Da ya ce ba shi da hali, sai aka kira rewaya ya buɗe allon gaba ya liƙe fitilar da baƙin salatif ta ciki, aka ba shi mota aka ce an gyara. Ya yi ta yawo da ita har ranar da sitiyari ya yi masa tauri a shataletale, Allah Ya tsare bai taka kowa ba. Da aka bincika da gaske, kan batir ne kawai ya ci. Fitilar nan ita kaɗai ce hanyar da mota ke da ita ta gaya wa mai ita cewa akwai matsala, wanda ya rufe ta ya ɗauki alhakin duk wanda zai hau motar da duk wanda zai tsallaka titi a gabanta. Irin wannan hannun ne kuma ke ɗaukar tayarod da ta lanƙwashe bayan an faɗa rami, ya hura mata wutar walda har ta yi ja, ya miƙar da ita da guduma ya mayar. Ƙarfen da aka gasa haka ya rasa ƙarfin da aka ƙera shi da shi, kuma ba zai yi sallama ba ranar da zai karye. Sannan tsawon tayarod da kusurwar hannun da take kamawa ba a banza aka auna su ba. Tun zamanin keken doki wani maƙerin kekuna a Munich, Georg Lankensperger, ya tsara yadda tayar da ke cikin kwana za ta fi ta waje juyawa, domin da'irar da take bi ta fi ƙanƙanta, kuma Rudolph Ackermann ya yi wa tsarin rajista a Ingila a 1818. Mai guduma yana ɓata wannan lissafi cikin minti goma, daga nan taya ta fara cinyewa ta gefe ɗaya, mota ta riƙa ja, a ce laifin taya ne. Idan akwai abin da zai raba hannunka da taya a hanyoyinmu, to tayarod ce ko boljoyin, wato gaɓar da taya ke juyawa a kanta, da ya gaji aka ƙi canzawa, kuma wannan bai san na mai ko na lantarki ba.

Shawarar mayar da na lantarki zuwa na mai kuwa, kada ka karɓe ta daga bakin kowa. Motocin yanzu suna da sensar da ke auna kusurwar da aka juya sitiyari, kuma na'urar hana zamewa tana dogara da ita. Bosch da Mercedes ne suka fara fito da wannan na'ura a 1995, ta kuma yi suna bayan da ƙaramar Mercedes A-Class ta kife a gwajin kauce wa dabba a Sweden a 1997, har aka wajabta ta a sababbin motocin Amurka daga samfurin 2012, a Tarayyar Turai kuma daga 2014. Aikinta shi ne ta kwatanta inda direba ya nufa da inda mota take tafiya a zahiri, idan sun saɓa sai ta taka wa taya ɗaya birki don ta daidaita motar. Wanda ya tumɓuke sandar sitiyari ya dasa wata ya rikita mata lissafi. Ko alaimen aka yi, ya kamata a tabbatar sitiyari yana tsakiya, a kuma daidaita sensar idan motar tana bukatar haka.

Bari in koma kan bidiyon, don na kusa barinsa. Abin da ka gani gaskiya ne, amma wani tsari ne dabam. Tesla Cybertruck da aka fara miƙa wa masu saye a ƙarshen 2023 ba ta da sandar da ta haɗa sitiyari da rak, saƙo ne ke bi ta waya zuwa injinan lantarki da ke juya tayoyi, kuma an ninka injinan da sensa don idan ɗaya ya gaza ɗaya ya riƙe. Kafin ita, Infiniti Q50 ta 2013 ta zo da irin wannan, sai dai sun bar sandar a ciki da kuloci da ke kamawa da kansa idan lantarki ya gaza. Jiragen sama irin Airbus A320 sun daɗe a kan wannan tsari tun 1988, amma jirgi yana da injiniyoyi masu duba shi bisa ƙa'ida, ba a liƙe masa fitila da salatif. Ra'ayina shi ne fasahar tana da kyau, tana ba da damar juya taya sosai da ɗan motsin hannu a wurin fakin, tana kuma hana gargadar hanya dukan hannu, amma ba zan ba kowa shawarar sayen irinta a nan ba sai an sami masu na'urar dubata da kayan gyaranta na asali. Wannan kuwa bai shafi Corollarka ba ko kaɗan.

Idan za ka je ganin motar, ka tafi da wanda ke da na'urar karanta kwamfuta. Ka murɗa makulli ba tare da ka tayar da inji ba, ka tabbatar fitilar sitiyari ta kunna, sannan ta mutu bayan inji ya tashi, domin idan ba ta kunna ba sam, an taɓa ta. Ka juya sitiyari har ƙarshe dama da hagu kana sauraron ƙwanƙwasa, a ɗaga gaban motar a girgiza tayoyi a ga ko akwai wasa a tayarod da boljoyin, a duba robar rak ko ta yage. Ka kuma leƙa bangon da ke tsakanin inji da cikin mota ko akwai alamar yanka da walda, don tun da Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama a 1972 ake samun masu shigo da motoci masu sitiyari a dama su juya shi zuwa hagu, kuma ba kowane mai juyawa ne ya san abin da yake yi ba. Idan ka ga haka, ka bar masa motarsa komai arha. Idan duk waɗannan sun fito lafiya, a auna batir da cajin altaneta kafin ka biya, ka turo mini abin da na'urar ta nuna in duba maka. Allah Ya sa albarka, wassalamu alaikum.