Amsa: gashin karfatar rago da hayaƙi har ta riƙa zarewa da hannu

Malam, naman da ka tambaya a kai, wanda ake gani a bidiyon 'yan Amurka ana yagarsa da cokali mai yatsu, a can galibi da kafaɗar alade suke yinsa, musamman a jihohin Karolina. Amma a garin Owensboro na jihar Kentaki da naman tunkiya aka san su, don haka karfatar rago ta wadatar. Cinya ce dai ba ta yi, don ba ta da isasshen kitse da jijiya, sai ta bushe kafin ta yi laushi.

Abin da ya sa wanda ka ce ka gwada gasawa ya fito da tauri shi ne ka yi masa wutar balangu. Wannan gashin na wuta kaɗan ne da dogon lokaci. Jijiyar da ke cikin karfata ba ta narkewa sai ta daɗe cikin zafi, kuma narkewarta ce ke sa naman ya saki jiki.

Ka samo karfata mai kilo 2 zuwa 2 da rabi da ƙashinta, kada mahauci ya kwashe kitsen sama gaba ɗaya. Tun da dare ka shafe ta da gishiri, kamar giram 10 ga kowane kilo, ta kwana a firij. Da safe ka ƙara masoro, citta, tafarnuwa da barkono. Yajin ƙuli-ƙuli ka ajiye shi sai an zo ci, in ya daɗe a wuta ƙonewa yake ya yi ɗaci.

Wajen gashin, duro mai murfi ya isa, in dai akwai ƙofar iska a ƙasa da wata a sama. Gawayi a gefe ɗaya, nama a ɗaya gefen, da kwanon ruwan zafi a ƙarƙashin naman. Kada ka kunna gawayin duka. Jera shi a layi, ka ɗora garwashi kaɗan a baki ɗaya, wutar ta riƙa ci a hankali. Gawayin ƙirya ya fi riƙe wuta. Zafin cikin duron ya tsaya tsakanin digiri 110 da 120 a ma'aunin Salshiyas. Da ƙofar ƙasa ake rage shi ko ƙara shi, ta sama kuwa a bar ta a buɗe.

Itacen hayaƙi guntaye uku ko huɗu ne kawai, kowane kamar dunƙulen hannu, busasshen mangwaro ko gwaiba. Ban da darbejiya, ban da katako mai fenti. Ka lura da launin hayaƙin: siriri mai ɗan shuɗi shi ake so. In ya turnuƙe fari fat, itacen bai samu iska ba, kuma naman zai yi ɗaci har ya riƙa kama harshe.

Inda mutane suka fi rikicewa shi ne bayan awa uku ko huɗu. Zafin cikin naman zai kai wajen digiri 68 zuwa 72, sai ya tsaya cak, wani lokaci har awa biyu. Ba wutar ce ta mutu ba. Ruwan da ke fitowa daga naman ne ke bin iska yana sanyaya shi, kamar yadda zufa ke yi wa mutum. Masu gaggawa a nan suke zuba gawayi su ƙona bayan naman. Kai dai in ɓawon da ya fito a bayan naman ya yi duhu, kuma ka taɓa yajin bai biyo yatsa ba, ka naɗe naman tam da takardar alminiyom ninki biyu, da rabin kofin romo a ciki, ka mayar.

Ma'aunin zafi mai tsinke ya cancanci kuɗinsa. Kana neman digiri 93 zuwa 95 a wuri mafi kauri, ba tare da tsinken ya taɓa ƙashi ba. In babu ma'auni, ka murɗa ƙashin: in ya juya ya zare salin-alin, ya yi. Duka-duka ka ƙiyasta awa 6 zuwa 8, amma kowace karfata da halinta, don haka ka fara da wuri.

In ka sauke, kada ka buɗe. Naɗe shi da tawul ka saka shi cikin kular abinci ya huta awa ɗaya. Sannan ka yage shi da ɗuminsa, ka tsince guntayen kitsen da ba su narke ba, ka mayar masa da ruwan da ya taru a takardar, da ɗan lemun tsami don ya karya maiƙon rago. Sai yaji da albasa, a ci da gurasa ko burodi.