Tambayoyinku: Ina son saida gonar gado in je a ƙara mani tsawo

Tambaya:

Assalamu alaikum Anti, dan Allah a sakaya sunana. Ni ɗan Daura ne, shekarata 27, sana'ata ɗinki kuma alhamdu lillahi ina samun rufin asiri. Damuwata ni gajere ne, tsawona santimita 161, tun muna firamare ake ce mani guntu, ko hoton biki za a ɗauka ni ake turawa gaba. Akwai yarinyar da nike nema har manya sun kusa shiga maganar sai na ji ƙawayenta na yi mata tsiya wai in mun jera kamar yaya da ƙanenta, tun daga nan ta fara ja baya. To na ga bidiyo a TikTok ana wani aiki a Turkiyya na ƙara tsawo, ni ko santimita 5 aka ƙara mani ya ishe ni. Ina da gonar gado, ina tunanin in saida in haɗa da kekunan ɗinkina biyu in tafi. Aikin gaskiya ne, kuma yana da illa?

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Wallahi saƙonka ya tsaya mani a rai, don na san zafin tsiyar da ake ma mutum kan abin da ba shi ya yi ma kansa ba, ana yi ana dariya shi ma yana tayawa amma in ya koma ɗaki shi kaɗai ya san abin da ke cinsa.

Aikin gaskiya ne, kuma ba sabo ba ne. Wani likita ɗan Tarayyar Sobiyet mai suna Gavriil Ilizarov ya fito da hanyar a garin Kurgan a shekarun 1950, don masu karayar da ta ƙi ɗoruwa da waɗanda ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Amma abin da bidiyon bai nuna maka ba, ƙafarka mai lafiya za a karya, kuma duka biyun. Likita zai yanke ƙashin cinya ko na ƙwauri, a sa ƙarfe ya riƙe, bayan kamar mako guda sai a fara raba bakin ƙashin kaɗan-kaɗan, milimita 1 a rana, jiki kuma yana ta cike gurbin da sabon ƙashi. Kaga santimita 5 ɗinka kwana 50 ke nan na ja kawai. Daga nan sai jiran sabon ƙashin ya yi ƙwari, wanda shi ne ma ya fi cin lokaci, watanni kana kan keken guragu ko sanduna, kafin ka koma tafiya sosai a yi lissafin abin da ya kusa shekara ko ya wuce.

Ƙarfen iri biyu ne. Akwai na waje, zobba da aka kewaye ƙafa da su, wayoyi da kusoshi sun huda fata da nama sun shiga ƙashi. Akwai na ciki, sanda ce ake zurawa cikin ɓargo, wasu irinsu kamar Precice da maganaɗisu suke aiki, ana ɗora wata na'ura bisa cinya ta motsa shi. Na cikin ya fi tsada nesa ba kusa ba, kuma shi ma sai an sake tiyata an cire shi bayan shekara ɗaya zuwa biyu. Ba kuma a rasa matsala, a 2021 an janye wani samfurinsa mai suna Stryde daga kasuwa.

Na waje kam na gani da idona, na yi jinyar ɗan yayata da ya yi haɗarin babur ƙashin ya ƙi haɗewa aka sa mashi. Kullum da safe sai an bi bakin kowace waya da auduga ana gogewa, wani wurin ya yi ja yana ruwa, wandunansa duk sai da aka farke gefe aka sa maɓalli saboda ba su shiga, dare in ya juya ƙarfen ya taɓa katifa sai ka ji ya yi ƙara. Shi dole ce ta sa, kuma ƙafa ɗaya ce.

Ƙashi shi ke yarda a ja shi, amma tsoka da jijiyoyi ba su bin shi da sauri haka, nan ne wahalar take. Agara ta ɗaure diddige ya ƙi taɓa ƙasa, gwiwa ta sage ta ƙi lanƙwasuwa, shi ya sa ake gashi da motsa jiki kusan kullum kuma da ciwo ake yi. Jijiya na iya taɓuwa mutum ya riƙa jan ƙafa, ƙwayar cuta na iya shiga ƙashi, ƙashin na iya ƙin cikewa ko ya karkace, jini na iya daskarewa ya tafi huhu ko kitsen ɓargo ya shiga jini, waɗannan biyun suna kisa. China ma a 2006 hana yin aikin don ado ta yi saboda mutanen da ya nakasa. Mai shan taba ko mai ciwon suga ko sikila haɗarinsa ya ƙaru.

Yanzu dubi irin zamanmu. Mu a ƙasa muke rayuwa, ban-ɗakinmu na tsuguno ne, alwala a tsugune, sujada da zaman tahiya sau biyar a rana, cin tuwo bisa tabarma, gaida manya a durƙushe, ga babur. Kai kuma tela ne, ƙafar nan da ita kake taka keke. In gwiwa ta sage ko da kaɗan ne duk waɗannan sai sun zama aiki. Ɗauko tef ɗinka na awo ka duba santimita 5, inci 2 ne, kusan tsawon tsinken ashana, ko ninkin ƙafar wando kana cin fiye da haka. Wannan shi ne garin neman gira a rasa ido.

Kuɗi kuma, a Amurka yakan wuce dala dubu 70, a Turkiyya da Indiya da sauƙi amma duk da haka miliyoyin naira ne masu yawa, ban da jirgi da masauki na watanni da mai jinya. In ka dawo Daura abu ya lalace, wa zai gyara, da wane kuɗi, gona ta tafi kekuna sun tafi?

Ta fuskar addini ka samu malamin da ka yarda da shi, amma dai malamai sun bambanta gyaran lahani da canza halitta don ƙawa, kuma tsawon 161 ba lahani ba ne. Ka tuna Abdullahi ɗan Mas'udu, ranar da iska ta buɗe ƙwaurinsa sahabbai suka yi dariyar sirantarsu, Annabi (SAW) ya faɗa masu sun fi dutsen Uhudu nauyi a mizani.

Ni shawarata kar ka yi. Ka je ka samu yarinyar ka tambaye ta kai tsaye, don kai labari ka ji, ba daga bakinta ba. In har da gaske tsiyar ƙawaye ce ta juya ta, to inci 2 ba zai riƙe maka ita ba, gobe wata tsiyar za su kawo. In kuma abin ya kai yana hana ka barci ko shiga mutane, dan Allah ka ga likitan ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina, ba hauka ba ne, damuwa ce kuma ana taimakawa. In har yanzu zuciyarka ba ta kwanta ba, ka je Asibitin Ƙashi na Dala a Kano ka zauna da likitan ƙashi kafin ka kira dillalin gona.

Tambaya:

Anti ɗana shekararsa 13, duk ajinsu ya fi kowa ƙanƙanta, in saya mashi maganin ƙara tsawo da ake talla a Facebook? Daga wata uwa a Ƙofar Ƙaura, Katsina.

Amsa:

A'a Hajiya, kar ki saya, ba ki san abin da ke ciki ba. Yara maza da yawa sai wajen shekara 13 zuwa 15 suke miƙewa. Ki dage da ƙwai, wake, nono da barci isasshe, ki kai shi wurin likitan yara a auna shi a duba ko akwai abin da ke tauye girman, tun yanzu da ƙashinsa bai rufe ba.