Esposito: sunan da ya fito daga wata taga a birnin Napoli

Tambaya

Assalamu alaikum, Malam. Ni mai bin gasar ƙwallon Italiya ne, kuma na lura da 'yan wasa har uku masu suna Esposito, ga kuma wani ɗan fim na Amurka mai wannan suna. Rannan a majalisarmu wani abokinmu da ya taɓa zama a Italiya ya ce ai ma'anar sunan shege, wai duk wanda ka ji ana ce masa Esposito ba a san ubansa ba. Musu ya kaure, har aka tashi ba a rabu da shi ba. Don Allah Malam, mene ne asalin sunan nan? Shin masu shi duk dangi ɗaya ne? Kuma me ya sa suka yi yawa haka?

Mai karatu daga Zariya

Amsa

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abokin naku ya ji kiɗa, amma bai gano gidan da ake bikin ba.

Bari mu fara da kalmar kanta. Esposito ta samo asali ne daga kalmar Latin expositus, wato abin da aka fitar aka ajiye a waje, a fili. Tun zamanin daular Rum ana amfani da ita ga jaririn da iyayensa suka ajiye shi a wani wuri suka tafi. Idan kana neman takwararta a Hausa, ɗan tsintuwa ya fi kusa. Shege magana ce a kan yadda aka samu cikin yaro, ita kuwa wannan kalma ba ta ce komai a kan haka ba. Abin da ta faɗa kawai shi ne an tsinci yaron a ajiye. Af, kuma tun da za ka koma majalisa da maganar: Italiyawa suna danna muryarsu ne a kan gaɓa ta biyu, es-PO-zi-to. Amurkawa ne suka mai da nauyin kan "zi".

Gidan da sunan ya fi alaƙa da shi yana nan har yau a tsohon garin Napoli, ana ce masa Annunziata. Coci ne haɗe da asibiti da gidan reno, an kafa shi tun ƙarni na 14. A jikin bangonsa ta wajen titi akwai wata 'yar taga, a bayanta kuma an kafa wani abu kamar ganga ta katako mai juyawa, buɗe ta gefe ɗaya. Italiyawa na kiranta ruota. Uwa, ko ungozoma, ko wata maƙwabciya, za ta zo, galibi da dare, ta sa jariri a ciki, ta juya gangar. Jariri ya koma cikin gida, matar da ke gadi a ɗakin ta ɗauke shi. Ta ciki ba ta ga fuskar ta waje ba, ta waje ba ta ga ta ciki ba, kuma haka aka so. Ba Napoli ce ta fara ba. A Italiya ana danganta ta farko da Fafaroma Innocent na Uku, wanda ya sa aka kafa ta a asibitin Santo Spirito na birnin Rum a wajen 1198, domin a daina jefa jarirai a kogin Tiber. Daga baya dabarar ta bazu zuwa garuruwa masu yawa.

Abin da ke biyo baya shi ne ya haifi sunan. Da an karɓi jariri sai a wanke shi, a yi masa baftisma, a rataya masa igiya a wuya mai 'yar lamba ta dalma, sannan magatakarda ya buɗe kundi ya rubuta ranar da aka kawo shi da lokacin, da irin zanen da aka naɗe shi da shi, da duk wani abu da aka samu a jikinsa. Wannan na ƙarshen shi ne ya fi taɓa ni a duk tarihin. Iyaye mata da yawa sukan bar alama: rabin tsabar kuɗi, rabin hoton wani waliyyinsu, ƙyallen da aka yaga biyu, ko 'yar takarda mai sunan da suke so a kira yaron da shi. Ɗaya rabin yana hannun uwar. Manufarta idan Allah ya buɗa mata ta dawo ta haɗa rabi da rabi ta karɓi ɗanta. Wadda ta yi haka ba ta yar da ɗa don ta manta da shi ba. To a wajen sunan iyali, tun da ba a san na uba ba, sai magatakarda ya rubuta halin da aka samu yaron a ciki: expositus. A bakin mutanen Napoli ya zama Esposito. Su kuwa mutanen gari sukan kira yaran gidan da 'ya'yan Madonna, wato 'ya'yan Maryamu.

A nan ne maganar abokinku ta fi rauni. Gaskiya ne wasu daga cikin jariran an haife su ba aure, an kai su taga don a rufa wa gida asiri. Amma da yawa 'ya'yan sunna ne, iyayensu na zaune da aurensu, talauci ne ya kai su. Shekarar yunwa ko annoba adadin yakan ƙaru. Uwa ta mutu wajen haihuwa, uba ba shi da abin biyan mai shayarwa, sai taga. A Milan ta ƙarni na 19 abin ya zama kamar al'ada a tsakanin ma'aurata talakawa masu aikin ƙwadago: a kai jariri gidan reno, uwa ta koma bakin aiki, in ya tasa a je a karɓo shi. Saboda haka ko shi kansa kakan farko da aka laƙaba wa sunan ba ka da hujjar ce masa shege, balle jikan jikan jikansa da ke buga ƙwallo yau.

Wani abu da ke rikita mu shi ne yadda sunan iyali yake aiki a can. Mu ma muna da sunayen da ke ba da labarin haihuwar mutum. Gambo ya biyo tagwaye, Tanko ya zo bayan mata, Audi an haife shi bayan rasuwar uba, Ajuji kuwa uwarsa mai wabi ce, aka kai shi juji a matsayin ba a damu da shi ba don ya tsaya. Ka ga shi ma ajiyewa a waje ce, ko da yake tamu ta dabara ce, ana komawa a ɗauko. Bambancin shi ne Ajuji idan ya haifi ɗa, ɗan zai ci nasa sunan, jika kuma zai ɗauki sunan ubansa, bayan zuriya biyu laƙabin ya ɓace. A Italiya ba ya ɓacewa. Tun bayan babban taron cocin Katolika na Trento, wanda aka kammala a 1563, aka wajabta wa limaman coci rubuta duk wanda aka yi wa baftisma ko aka ɗaura wa aure, sunayen iyali suka kafu a takarda, ɗa ya gada daga uba ba canji. Abin da ya faru da jariri ɗaya a dare ɗaya shekaru ɗari uku da suka wuce, shi ne zuriyarsa ke ɗauke da shi a fasfo.

Wannan ya amsa tambayarka ta biyu. Ba dangi ɗaya ba ne. Hasali ma cikin manyan sunayen Italiya da wuya ka samu wanda masu shi suka fi nisa da juna ta jini kamar wannan, domin kowane reshe ya faro ne daga wani jariri dabam da iyaye dabam. Gida ɗaya suka shiga, magatakarda ya ba su suna ɗaya. Su dai 'yan wasa ukun da ka gani, Salvatore da Sebastiano da Francesco Pio, 'yan'uwa ne uwa ɗaya uba ɗaya, 'yan garin Castellammare di Stabia da ke bakin teku kusa da Napoli. Giancarlo Esposito ɗan fim kuwa an haife shi a Kopenhagen a 1958, mahaifinsa mutumin Napoli ne, kuma suna kawai ya haɗa shi da su.

Batun yawa. Esposito shi ne sunan iyali na ɗaya a birnin Napoli da ma jihar Campania baki ɗaya, a faɗin Italiya kuma yana cikin biyar na farko, a sahun Rossi da Russo da Ferrari. Rossi da Russo duk ma'anarsu ja, wato mai jan gashi, na farko a arewa da tsakiya, na biyu a kudu. Ferrari kuwa maƙeri ne. Ja da ƙira akwai su a kowane gari, don haka yawansu ba abin mamaki ba ne. Na Esposito ne ke buƙatar bayani, tun da kusan daga yanki ɗaya ya fito. Dalilin shi ne Napoli ta kasance cikin birane mafi girma a Turai a ƙarni na 17 da na 18, cike da talakawa, kuma Annunziata ba 'yan birni kaɗai take karɓa ba, har daga ƙauyuka masu nisa ake kawo mata. An ɗauki ƙarnuka ana ba kowa suna ɗaya. Sai ka tuna kuma cewa jarirai masu yawan gaske ba su rayu ba, don mutuwa a irin waɗannan gidaje ta yi muni ƙwarai, kuma a wancan zamani mata ba su cika gadar wa 'ya'yansu suna. Galibin Esposito na yau zuriyar mazan da suka tsira ne. Daga nan kana iya ƙiyasta yawan waɗanda suka bi ta tagar.

Daga wajen 1880 zuwa 1920 Italiyawa kimanin miliyan 4 suka yi ƙaura zuwa Amurka, akasarinsu 'yan kudu, wasu kuma suka nufi Ajantina da Brazil da Kanada. Ta haka sunan ya ƙetare teku. A Sifaniya akwai ɗan'uwansa Expósito, asalinsu ɗaya.

Sauran garuruwan Italiya kowanne da nasa. A Rum ana ce musu Proietti, daga kalmar da ke nufin wanda aka jefar, wadda ta fi ta Napoli zafi. A Bologna, Degli Esposti. A Firenze, garin ƙungiyar Fiorentina, gidan renon sunansa Innocenti, wato marasa laifi, ya fara karɓar yara a 1445, daga nan aka samu Innocenti da Nocentini. A Sisili akwai Trovato, tsintacce ke nan kai tsaye. A Milan tambarin asibitin kurciya ce, sai aka riƙa ba yaran sunan Colombo, abin da ya sa ya cika Lombardiya, jihar da Milan take ciki. Sai dai shi Colombo akwai masu shi tun asali da ba ruwansu da gidan reno, don haka ba a yanke hukunci da shi. Akwai kuma waɗanda addu'a ce aka mayar suna, kamar Diotallevi, wato Allah ya raya ka. A ganina wanda ya zaɓi wannan ya fi sauran magatakardan tausayi.

Shin sunan ya taɓa zama abin gori? Ƙwarai kuwa, kuma wannan shi ne ɗan abin da abokinku ya riƙo. A lokacin da ake ba da shi kowa ya san abin da yake nufi, mai shi yana fama wajen neman aure da neman aiki. Shi ya sa Joachim Murat, surukin Napoleon da ya mulki Napoli daga 1808 zuwa 1815, ya kafa doka a 1811 cewa a daina kiran 'yan tsintuwa Esposito, a riƙa ƙirƙiro wa kowanne sunan da ba zai tona asalinsa ba. Magatakarda suka koma ɗauko suna daga watanni da tsirrai da waliyyai da duk abin da ya faɗo musu a rai. Vincenzo Gemito, gwanin ƙera mutum-mutumi da Napoli ke alfahari da shi, an sa shi a tagar Annunziata a 1852. Sunan da aka ba shi Genito, wato haifaffe, amma wajen kwafa aka yi kuskuren harafi ɗaya ya zama Gemito, wanda ke nufin nishi. Da an haife shi shekaru 50 kafin nan, da shi ma Esposito ne. Wannan yana nuna maka cewa galibin masu sunan a yau kakansu ɗan tsintuwar ya rayu ne fiye da shekaru 200 da suka wuce.

An toshe tagar Annunziata a 1875, aka haramta irin waɗannan tagogi a duk ƙasar a 1923. Gangar katakon tana nan, masu yawon buɗe ido na zuwa kallo. Dokar Italiya ta yanzu ta hana a ba yaron da ba a san iyayensa ba sunan da zai nuna hakan, ta kuma ba mutum damar neman canja sunan iyalinsa idan abin dariya ne, ko abin kunya, ko yana fallasa asalin haihuwa. Amma a Napoli ta yau Esposito suna ne kamar kowane, na likita da alƙali da mai sayar da kifi. Mutumin da ake cewa shi ya yi wa Sarauniya Margherita ta Italiya fiza (pizza) a 1889, da tumatir da farin cuku da ganyen ɗoɗɗoya don su yi launin tutar ƙasar, Raffaele Esposito ne sunansa. Masana tarihi na da ja a kan wannan labari, amma masu gidajen fiza na Napoli ba su fasa ba da shi ba.