Amsa Kan Tasirin Bernard Fagg

Kin tambaya ko yawan rubuce-rubucen Bernard Fagg, Baturen Ingila masanin kayan tarihi na karkashin kasa, ne ya daukaka sunansa. A ganina ba haka ba ne, domin abin da ya wallafa bai taka kara ya karya ba, mafi shahara shi ne littafinsa na 1977 kan mutum-mutumin Nok, wata tsohuwar al'umma ta tsakiyar Najeriya. Tasirinsa yana cikin aikin fili: shi ya gane cewa kawunan yumbun da masu hakar kuza ke tonowa na al'umma daya ne, ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952, sannan tononsa a Taruga, wani tsohon mazaunin mutanen Nok, ya nuna ana narkar da karfe tun kafin haihuwar Annabi Isa. A kan wannan tushe masanan Jami'ar Frankfurt suka dora bincikensu daga 2005.