Wai Amurka ma ta taɓa fama da ɓarayin gwamnati?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ya aiki? Gardama ce ta kaure a majalisarmu ta mai shayi nan Ƙofar Marusa, wani abokina ya dage wai Amurka tun fil azal ba su san cin hanci ba, ni ko na ce ban yarda ba amma ba ni da hujja. Don Allah mi ye gaskiyar zancen, in kuma sun yi, ya aka yi abin ya ragu? Daga mai karatunku a Katsina.

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. To ka ce wa abokinka shi zai biya kuɗin shayin yau.

A birnin New York an yi wani uban gidan siyasa William Tweed, shi da yaransa suka riƙa aringizon kuɗin kwangila suna raba aiki ga 'yan korensu, irin dai abin da ka sani. Jaridu suka fallasa takardun a 1871, wani mai zanen barkwanci Thomas Nast ya sa shi gaba da zane har wanda bai iya karatu ba ya gane ɓarawon. Ya gudu daga tsare ya kai har Sifaniya, aka kamo shi, ya mutu a kurkuku a 1878. Aikin gwamnati kuwa sai kana da uwa a gindin murhu, sai da wani da ya nemi muƙami bai samu ba ya harbe shugaban ƙasa Garfield a 1881 sannan aka yi dokar ɗaukar ma'aikata ta jarrabawa a 1883.

Amma wanda ya fi burge ni labarin Standard Oil ne, kamfanin John Rockefeller da aka kafa a 1870, wanda ya zo ya mallaki kusan kashi 90 cikin 100 na tace mai a ƙasar. Dabararsa ita ce ya haɗa baki da kamfanonin jirgin ƙasa su yi masa rangwamen dako a ɓoye, ƙananan 'yan kasuwa kuma su biya da tsada, in ka karye ya saye matatarka. Akwai dokar hana babakere tun 1890 amma kusan tana kwance ne kawai, sai wata 'yar jarida Ida Tarbell, wadda mahaifinta na cikin waɗanda wannan dabara ta taɓa a Pennsylvania, ta zauna ta bi takardun kotu ɗaya bayan ɗaya tana bugawa a mujallar McClure's daga 1902 zuwa 1904, ba zagi ba habaici, lissafi kawai. Gwamnatin Theodore Roosevelt ta kai ƙara a 1906, Kotun Ƙoli ta farfasa kamfanin gida 34 a 1911. Abin dariyar, Rockefeller ƙara kuɗi ya yi bayan nan don yana da hannun jari a dukkansu, ExxonMobil da Chevron na yau jikokin kamfanin ne.

Ka lura shekara 21 tsakanin yin dokar hana babakeren da ranar da ta ci Rockefeller, kuma ba wani shugaba mai tsoron Allah ne ya sauko ya gyara ba, manoma da 'yan ƙwadago da 'yan jarida ne suka yi ta matsawa.

Mu ma nan ba baƙon abu ba ne. Jam'iyyar NEPU da aka kafa a Kano a 1950 faɗanta kenan da zaluncin En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, kuma a 1979 gwamnatin PRP ta Balarabe Musa ta soke haraji da jangali a tsohuwar jihar Kaduna, lokacin Katsina da Daura na cikinta, kafin majalisa ta tsige shi a 1981. Ka tambayi dattawan unguwarku waɗanda suka ga zamanin da ake ɓoye shanu a daji in masu ƙidayar jangali sun taho, za su ba ka labarin fiye da ni.