Kwamfutar haɗi mai macOS ta ƙi tashi bayan ɗauke wuta

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mai tace bidiyon biki ne a Samaru, Zariya. Bara na haɗa kwamfutar tebur da kaina: furosesa Intel Core i5 ƙarni na 10, RAM mai GB 16, sai madabod (babban allon da sauran kayan ke zama a kai) da katin hoto AMD RX 580, su biyun na hannu. Wani abokina ya ɗora mini macOS Ventura, manhajar kwamfutocin Apple, saboda manhajar tace bidiyo ta Final Cut Pro, akwai kuma Windows a wani faifan daban. Ta yi wata bakwai lafiya lau. Makon jiya aka ɗauke wuta ina tsakiyar aiki, tun daga ranar idan na kunna sai tambarin Apple ya fito, layin da ke ƙarƙashinsa ya kai rabi ya tsaya cak. Windows tana tashi, amma agogonta ya rikice. Dama can wasu ramukan USB ba sa aiki, kuma idan na sa ta barci nan take take farkawa. Abokin nawa ya tafi bautar ƙasa. Wasu sun ce in goge komai in ɗora sabuwar macOS, wasu sun ce in sayi katin NVIDIA RTX. Me ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kada ka goge komai tukuna, kada kuma ka kashe ko sisi a kan katin NVIDIA. Kwamfutar da ta yi wata bakwai tana aiki ta riga ta nuna cewa kayanta da saitinta sun dace da juna, saboda haka abin nema shi ne abin da ya canza a ranar da wutar ta tafi, kuma batun agogon da ka ambata a wucewa shi ne ya fi ɗaukar hankalina a duk wasiƙarka.

Irin na'urarka ita ake kira Hackintosh. Kamfanin Apple bai ƙera macOS domin ta ba, yarjejeniyar amfani da manhajar ma ta taƙaita ta ga kwamfutocin kamfanin kawai, don haka babu ofishin da za ka kai ƙara idan ta tsaya. Abin ya yiwu ne tun farko saboda Apple ya koma amfani da furosesan Intel a 2006. Abin da ke haɗa macOS da kayanka wata ƙaramar manhaja ce mai suna OpenCore, wadda ke zaune a wani ɗan sashe na faifai da ake kira EFI, tare da fayil ɗin saiti mai suna config.plist da wasu direbobi irin su Lilu da VirtualSMC da WhateverGreen. Abokinka ya tsara wannan fayil ne bisa wani takamaiman saiti na BIOS, wato ƙaramar manhajar da ke cikin madabod wadda ke fara aiki da zarar an kunna na'ura. Idan BIOS ta koma yadda ta fito daga masana'anta, Windows za ta ci gaba da tashi kamar babu abin da ya faru, domin an gina ta ne ta jure wa kowane irin madabod, ita kuwa macOS sai ta tsaya a hanya. Wannan shi ne ainihin abin da kake gani.

Ka kunna kwamfutar, ka danna maɓallin Delete ko F2 ka shiga BIOS, ka duba kwanan wata a can, domin Windows tana iya gyara nata daga intanet ta ɓoye maka shaidar. Idan ka tarar kwanan watan ya koma shekarun baya, to batirin nan mai kama da kwabo da ke kan madabod, CR2032 mai ƙarfin bolt 3, ya mutu. Aikinsa shi ne riƙe agogo da saitin BIOS a lokacin da babu wuta a soket, kuma a garin da wuta ke tafiya na sa'o'i masu yawa, batirin da ya zo a madabod na hannu ba ya daɗewa. Masu gyaran agogo da masu sayar da kayan kwamfuta a PZ ko Sabon Gari suna da shi. Idan kuwa tazarar awa ɗaya ce cif, wannan wani abu ne daban marar haɗari: macOS tana ajiye agogon na'ura a kan lokacin UTC, wato ma'aunin lokaci na duniya, Windows kuma tana ɗaukar sa a matsayin lokacin gida, mu kuma a Najeriya muna gaba da UTC da awa ɗaya.

Bayan canza batiri, sai a mayar da saitin. A kashe Secure Boot da Fast Boot da CSM da VT-d, da kuma CFG Lock idan madabod ɗin ya bayyana shi. A kunna Above 4G Decoding da XHCI Hand-off, a tabbata yanayin SATA yana kan AHCI. Idan ta tashi, ka ɗauki hoton kowane shafi na BIOS da wayarka ka ajiye, domin ranar da hakan zai sake faruwa tana nan tafe.

Idan ta ƙi tashi bayan wannan, dole a sa ta ta faɗi inda take tsayawa, domin tambarin Apple labule ne kawai da aka saka a gaban rubuce-rubucen da na'urar ke yi. Tunda Windows tana aiki, ana iya buɗe sashen EFI daga can, a buɗe config.plist da manhajar ProperTree, a ƙara -v da keepsyms=1 da debug=0x100 a layin boot-args. Na farko yana bayyana rubutun, sauran biyun suna sa rahoton ya karantu, su kuma hana ta sake kunna kanta kafin ka gani. Kafin ka taɓa ko harafi ɗaya, ka kwafe babban fayil ɗin EFI gaba ɗaya zuwa filashi, ka riƙa yin gwajinka a kan filashin. Layin ƙarshe da ya tsaya a allo shi ne abin dubawa. Tsayawa a EXITBS:START galibi yana komawa ga CFG Lock ko saitin tashi na OpenCore. Tsayawa a PCI Configuration Begin yakan nuna Above 4G Decoding a kashe yake. Idan ka ga Waiting for Root Device, ko alamar zobe mai karan tsaye a karkace, to macOS ba ta ganin faifanta, sai a koma kan AHCI da wayoyin faifan. Idan kuma ta kai gIOScreenLockState allon ya yi baƙi, manhajar ta gama tashi, katin hoto ne bai fitar da hoton ba, sai a duba ko wayar allo tana jikin RX 580 ɗin, ba jikin madabod ba. Ka riƙa canza abu ɗaya a lokaci ɗaya kana rubutawa a takarda. Na sha ganin wanda ya canza abubuwa biyar a tashi ɗaya, kwamfuta ta tashi, bayan mako guda ta sake tsayawa, shi kuwa bai san wanne ne ya yi maganin ba.

Akwai kuma yiwuwar wutar ta tafi ana cikin rubutu a faifai. A jerin zaɓin OpenCore, danna dogon maɓallin tazara yana fito da Recovery idan an ɓoye shi, daga ciki sai ka buɗe Disk Utility ka gudanar da First Aid. Hattara da abu ɗaya: Windows ba ta karanta tsarin APFS da macOS ke amfani da shi, kuma idan ta nuna maka saƙon neman ka yi wa faifan fomat, ka ƙi, domin bidiyon mutane na ciki. Tunda ka buɗe akwatin, ka busa ƙurar hunturu da ta taru a fanka, ka cire RAM da katin hoto ka mayar da su da kyau. UPS ko da ƙarama ce, wadda za ta ba ka mintuna kaɗan ka adana aiki ka kashe na'ura, ta fi maka sabon kati amfani nesa ba kusa ba.

Ramukan USB da rashin barci kuwa ciwo ɗaya ne. macOS ba ta karɓar fiye da tashoshi 15 a kan kowane mai sarrafa USB, kuma kowane rami na USB 3 ana ƙirga shi biyu, domin yana ɗauke da hanyar USB 2 a cikinsa. A da ana tsallake wannan iyaka da saitin XhciPortLimit, amma a macOS 11.3 dabarar ta daina aiki yadda aka saba, kuma ko bayan da aka gyara ta a OpenCore ba ita ce mafita mai ɗorewa ba. Maganin shi ne a zana taswirar ramukan da manhajar USBToolBox daga cikin Windows: ka cusa filashi a kowane rami, ka zaɓi waɗanda kake buƙata har 15, ka yi wa na cikin akwati irin na Bluetooth alamar na ciki. Rashin wannan alamar ne yakan sa na'ura ta ɗauka an cusa mata wani abu sai ta farka. Umarnin pmset -g log a Terminal yana nuna dalilin kowace farkawa, kuma idan ka ga XHC, wato mai sarrafa USB, a wurin, zargin ya tabbata.

Game da NVIDIA, direbobin da kamfanin ke fitarwa domin macOS sun tsaya ne a High Sierra ta 2017, kuma babu katin RTX ko ɗaya da ke aiki a macOS. RX 580 da kake da shi yana cikin katunan da macOS ta sani da kanta, ka riƙe shi. Sabunta manhaja kuma ba a yin sa a kan na'ura marar lafiya. Sonoma ta 2023 ta cire direbobin katunan Wi-Fi na Broadcom da yawancin masu irin wannan haɗi ke amfani da su, kuma duk ƙaura tana buƙatar a fara sabunta OpenCore da direbobinsa. Ka kuma sani cewa Apple ya fara ƙera nasa furosesan M1 a 2020, sannan a 2025 ya sanar cewa macOS Tahoe ce ta ƙarshe da za ta yi aiki a kan Intel. Tunda da wannan na'ura kake cin abinci, ra'ayina shi ne ka bar ta a Ventura muddin Final Cut ɗinka na aiki, ka fara tara kuɗin Mac mini mai M1 ko da na hannu ne.

Tambaya: Malam, ina da shagon buga takardu a Tudun Wada. Kwamfutar haɗi ce mai Core i5 ƙarni na 8, amma Windows 11 ta ce ba ta cika sharaɗi ba. Wani yaro ya ce zai tilasta mata. In yarda?

Amsa: Hajiya, da alama ba sai an tilasta ba. Ƙarni na 8 na Intel yana cikin waɗanda Microsoft ya amince da su, abin da yakan rage shi ne TPM 2.0, wani sashen tsaro da Windows 11 ke buƙata, wanda a yawancin madabod na haɗi yana nan amma a kashe. A BIOS sunansa PTT a na Intel, fTPM a na AMD. A kunna shi, a tabbata na'urar tana tashi ta hanyar UEFI, sabon salon BIOS, kuma faifan yana kan sabon tsarin rabon faifai na GPT, sannan a sake gwadawa da manhajar PC Health Check, wadda za ta faɗi sharaɗin da ya rage. Idan faifan na kan tsohon tsarin MBR ne, Windows tana da umarnin mbr2gpt da ke juya shi ba tare da goge fayil ba, amma duk da haka a kwafe takardun abokan ciniki zuwa wani faifan kafin a fara. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, saboda haka ƙaurar ta dace, ki dai ce wa yaron ya fara da BIOS.