Fatawa: Sana'ar kocin lafiya, da hukuncin magani da "ɗaƙa"

Tambaya

Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. A Jidda aka haife ni, iyayena mutanen Katsina ne, ina zaune da maigidana da yaranmu a wajen Gulail. Na biya kuɗin wani kwas na wata shida ta intanet, wanda in an gama ake ba mutum shahadar kocin lafiya: a duba cin mutum da shansa, barcinsa, motsa jikinsa da damuwarsa, a tsara masa yadda zai gyara rayuwarsa gaba ɗaya. Ina so in mai da shi sana'a, mata su riƙa biyana duk wata ta WhatsApp. Na fara gwadawa kyauta da maƙwabta kuma an ga amfani, har wata dattijuwa mai ciwon sukari da na ɗora a kan barin abinci na awa 16 ta ce jikinta ya yi sakayau, na ce ta rage allurar dare, ta rage. Abin da ya dame ni shi ne ƙarshen kwas ɗin akwai yoga da Reiki da buɗe cakra. Malamarmu Musulma ce mai hijabi, ta ce babu komai in an cire kalmominsu an sa sunayen Allah. Kuɗin wannan sana'a halal ne? In ci gaba?

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

'Yata, ƙarshen wasiƙarki kika tambaya, ni kuwa tsakiyarta ce ta tsayar da ni. Yau ɗin nan, kafin komai, ki taka ki je wurin dattijuwar nan ki ce kin janye maganar allura da ta barin abincin, ta ɗauki na'urar awonta da magungunanta ta tafi mustausaf, wato ƙaramin asibiti, wurin likitan da ya rubuta mata, ta gaya masa duk abin da aka canza da ranar da aka canza shi. Kada ma ki ce mata ta koma tsohon ma'auni, wannan ɗin ma ba hurumin ki ba ne. Cewa jikinta ya yi sakayau ba awo ba ne. Sukari yakan hau shekara da shekaru yana cin ƙoda da ido da jijiyoyin ƙafa mai shi bai ji komai ba. Mai allurar insulin kuma in ya daɗe bai ci ba, sukarin na iya faɗuwa cikin dare ya suma babu wanda ya sani. Ta kowace fuska kin sa hannu a abin da rai ke rataye da shi.

Wannan jimla guda ita ce ta raba hukuncin gida biyu. Koya wa mace rage shinkafar kabsa, da daina zuba cokali uku na sukari a kowane kofin shayi, da kwanciya da wuri maimakon hira har asuba, da tafiyar ƙafa bayan isha idan zafi ya sauka, duk halal ne, karɓar lada a kansa halal ne, babu saɓani. Amma daga lokacin da kika ce "rage" ko "daina" ko "sha wannan a madadin wancan", kin fita daga mai nasiha kin shiga wanda hadisin Abu Dawuda da Nasa'i ya ambata: wanda ya yi likitanci alhali ba a san shi da likitanci ba, shi ne mai lamuni. Khaɗɗabi ya ce bai san saɓani ba cewa mai magani in ya ƙetare iyaka mara lafiya ya halaka, lamuni na kansa. Ibn Rushd kuma a Bidayatul Mujtahid ya kawo cewa wanda ba ma'abocin sani ba ne ana hukunta shi da duka da ɗauri, ga diyya a kai. Yin aikin kyauta ba ya ɗauke wannan, kyakkyawar niyya ma ba ta ɗauke shi. Shahadar wata shida ta intanet ba ita ce "an san shi da likitanci" ba. A ƙasar nan hukumar ƙwararrun lafiya ta Saudiyya ce ke yi wa likita da masanin abincin marasa lafiya rajista, kuma dokar aikin lafiya ta shekarar 1426 Hijiriyya ta tanadi ɗaurin da zai kai wata 6, ko tarar da za ta kai riyal 100,000, ko duka biyun, ga mai yin aikin ba da lasisi ba.

Kada ki ɗauka allura kaɗai ce iyakar. Abinci ma yana zama magani ko guba gwargwadon mai cinsa. Dabino da ayaba da kike ganin babu abin da ya fi su, mai ciwon ƙoda ana taƙaita masa su saboda sinadarin fotasiyam da ke iya dagula bugun zuciya. Mai shan warfarin don tsinka jini, in kika cika masa kwano da zogale da alayyahu kwatsam, kin taɓa aikin maganinsa. Zoɓo yana sauke hawan jini, to yaya mai shan ƙwayar hawan jini da kika ce ta sha jug guda kullum? Saboda haka tambayar farko ga duk wadda ta zo miki ita ce: wane ciwo gare ki, wane magani kike sha, kina da ciki ko kina shayarwa? Mai sukari, mai ƙoda, mai zuciya, mai ciki, da yarinyar da ke ƙin abinci don tsoron ƙiba, ba ki tsara musu komai sai abin da likitansu ya rubuta, aikinki taya su tsayawa a kai. Wannan ɗin ma babban aiki ne, don likita minti kaɗan yake ba su, sauran watan su kaɗai ne da tukunyarsu.

Yoga ba za ta ɗauke mu lokaci ba. Miƙa gaɓɓai da daidaita numfashi motsa jiki ne, halal. Jerin motsin da suke kira gaisuwar rana, da furta "om", da zaman wofintar da zuciya don haɗuwa da abin da suke kira ruhin duniya, ki bar su. Na san tun 2017 aka amince da koyar da yoga a Saudiyya a matsayin wasan motsa jiki. Izinin wasa ne aka bayar, ba fatawar aƙida ba.

Sai maganar malamarku, wadda ba ita kaɗai ke faɗinta ba. Ra'ayi ne da ya yaɗu a kwasa-kwasan Larabci, har da masu kawo aya da hadisi, don haka zan tsaya a kansa.

Reiki wani Bajapane ne mai suna Mikao Usui ya kafa shi a 1922, bayan wata halwa da ya yi a dutsen Kurama kusa da Kyoto. Wata mata Hawayo Takata ta kai shi Hawai, daga nan ya bazu a Amurka. Tushensa shi ne akwai wani ƙarfi ɓoyayye da ya cika duniya, wanda Larabawa ke fassarawa da ɗaƙa, kuma ba ka iya zuba shi a jikin wani sai wani ubangida ya buɗe maka hanya a wani zama na musamman, ya zana alamomi a kanka da tafin hannunka. A mataki na biyu har daga nesa ake aikawa. Cakra kuma daga littattafan addinin Hindu ta fito, cibiyoyi ne da suke cewa suna jere daga gindin kashin baya zuwa tsakar ka. Babu likitan fiɗa da ya taɓa buɗe jiki ya same su.

Ƙa'idar malamai ita ce abu ba ya zama sababin waraka sai ta ɗayan hanyoyi biyu: ko nassi ya tabbatar da shi, kamar Fatiha da zuma da ƙaho, ko gwaji bayyananne ya tabbatar da shi, kamar maganin zazzaɓin cizon sauro. Riƙon abin da bai bi ko ɗaya ba a matsayin sababi ƙaramar shirka ce, irin ta mai ɗaura zare a hannu don zazzaɓi. In kuwa aka ƙudurta cewa ƙarfin da kansa yake warkarwa, abin ya fi haka muni. To ta wace hanya ɗaƙa ta shigo? Nassi babu. Gwaji kuwa an yi. Wata yarinya 'yar Amurka, Emily Rosa, tana da shekara 9 ta gwada masu wata hanya 'yar'uwar Reiki da ke cewa suna jin ƙarfin jikin mutum ba tare da taɓa shi ba. Ta sa su zura hannuwa biyu ta cikin wani shamaki, ita kuma ta ɗora nata sama da ɗaya, su faɗi wanne. Mutum 21, gwaji 280, suka dace a kashi 44 cikin ɗari, ƙasa da abin da mai cankar ido rufe zai samu. Mujallar ƙungiyar likitocin Amurka ta buga sakamakon a 1998.

Masu ra'ayin malamarku suna kafa hujja da hadisin Aufu ɗan Malik a Sahihu Muslim: ku bijiro mini da ruƙyarku, wato tofin da kuke yi wa mara lafiya, babu laifi ga ruƙya matuƙar babu shirka a cikinta. Hadisin a kansu yake, ba tare da su ba. Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, bai ce ku ɗauki ta jahiliyya ku sauya sunaye ba, ya ce a kawo a duba abin da ke ciki. Ruƙya roƙo ce, bawa yana kiran Ubangijinsa, in ya so ya amsa. Reiki ba roƙo ba ne, da'awa ce cewa ni bututu ce, wani abu yana bi ta hannuna saboda wane ya buɗe ni. In kin cire alamar Japan kin sa "Ya Shafi", da'awar tana nan daram, an dai canza wa tuwo suna. Ni a wurina wannan ya fi na asalin haɗari, don na asalin Musulma tana ganinsa ta gudu, wannan kuwa da alwala take shigarsa. Kuma raba sunayen Allah a kan cibiyoyi bakwai, wannan suna na cibiya, wancan na maƙogwaro, da adadi ƙayyadadde, wa ya zo da shi? Ibada ce aka ƙirƙira aka ɗora a kan taswirar wani addini.

Suna cewa ai Annabi ya umarci Usmanu ɗan Abil As ya ɗora hannu inda ke masa ciwo. Haka ne, ya ce ya yi Bismillah sau uku, ya nemi tsarin Allah da ikonsa sau bakwai. Hannun nuni ne ga wurin ciwo, aikin na addu'ar ne, kuma mara lafiyar da kansa ya yi, babu ubangida, babu mataki na ɗaya da na biyu, babu kuɗin buɗewa. Suna cewa kambun baka gaskiya ne kuma ba a ganinsa, don haka akwai ƙarfi ɓoyayye. Mun yarda da kambun baka don wahayi ya faɗa. Gaibu ba a yi masa ƙiyasi, tabbatar ɗaya ba ya buɗe ƙofa ga duk wanda ya zo da nasa. Suna cewa mutane na jin sauƙi. Macen da ta wuni tsakanin girki da yara, aka kwantar da ita a ɗaki mai sanyi, aka saurare ta awa guda babu mai katse ta, dole ta ji sauƙi. Sauraron ne ya yi aiki, kuma shi kina iya ba da shi ba tare da cakra ba.

Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce ta allurar Sin, wato maganin da ake yi da tsira siraran allurai a jiki: ita ma masu ita da wani ƙarfi ɓoyayye suke bayaninta, ga shi cibiyar kula da magungunan gargajiya ta ƙasar nan, wadda aka kafa a 2008, tana ba da lasisinta kamar yadda take ba masu ƙaho. Bambancin shi ne allura abu ce da ake gani, tana shiga fata tana taɓa jijiya, ana iya auna tasirinta a karɓa ko a ƙi, a jefar da bayanin masu ita. Reiki in kin jefar da bayanin, me ya rage? Hannu a sama da jiki kawai.

Don haka kada ki zauna a buɗe ki, kada ki yi wa kowa, kada ki karɓi ko riyal ɗaya a kansa. In karatu ne kawai za ki amsa a jarrabawa, karanta shi don sanin sharrinsa. In shahadar ba ta fita sai da zaman buɗewar, ki nemi su mayar miki da kuɗin wannan kashin, in sun ƙi ki bar musu. Malamarku kuma kada ki kafirta ta a zauren WhatsApp. Mafi yawan irinta ruɗarsu aka yi. Ki yi mata magana ke da ita.

Akwai abubuwan da ba ki tambaya ba. Ki yi ciniki a kan zama sananne, kaza a wata, minti kaza, kuɗi kaza, kada ki sayar da alkawarin zubar da kilo goma, wannan ba a hannunki yake ba. Kamfanonin shayin rage ƙiba da garin ƙarin kuzari za su neme ki. Duk abin da hukumar abinci da magunguna ba ta yi wa rajista ba kada ki taɓa, an sha kama irin waɗannan da sibutramine a ciki, maganin da aka janye daga kasuwa a 2010 saboda illarsa ga zuciya. Wanda ke da rajista in kina da kamasho a kansa ki gaya wa mai saye, don wanda aka nemi shawararsa amintacce ne. Tsarin nan na kawo mutum biyu su ma su kawo biyu, Lajnatud Da'ima, wato kwamitin fatawa na dindindin na Saudiyya, ta haramta shi tun 1425 Hijiriyya. Hotunan "kafin" da "bayan" na jikin matan mutane ba kayan talla ba ne ko sun yarda, sirrin gidajensu kuma da za ki ji, ko maigidanki ba shi da rabo a ciki. Ki tsaya a kan mata. Kuma ki ji tausayin aljihunsu, matar da mijinta ke aikin yini ba ta buƙatar ƙwayoyin da aka shigo da su daga Turai, ga gero da wake da kuka da kuɓewa a shagunan mutanenmu.

Ba ki gaya mini takardunki ba. In igamarki, wato takardar izinin zamanki, a ƙarƙashin maigidanki take, karɓar kuɗin aiki ba da izini ba saɓa doka ne, kuma ke da kika tashi a Jidda kin san ma'anar a ce an kai wance Shumaisi, gidan tsare baƙin da za a kora daga ƙasar, ta bar yara a gida. Ku zauna da shi ku bincika hanyar da doka ta yarda kafin ki sa farashi. In kuwa kina da hali da shekarun karatu, ni da za ki bi tawa, sai ki nemi karatun abinci mai gina jiki na gaske wanda hukuma ke yi wa rajista, ko da zai ɗauki shekara huɗu. Matanmu da yawa a Gulail da Karantina da Shara Mansur ba sa iya yi wa likita bayanin ciwonsu da Larabci yadda suke so, ke kuwa harsuna biyun duka naki ne.

Wallahu a'alam.